Dan Allah masu lambu, a daina feshi yau a tsinka gobe

Assalamu alaikum 'yan uwana manoman rani. Ni malamin gona ne, yawancin yawona tsakanin Kura, Kadawa da Garun Malam yake inda ruwan Tiga ke bi ta kanal, kuma wallahi da ɓacin rai nake wannan rubutun.

Ranin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na shiga lambu na tarar ana cika kwanduna da tumatir alhali warin magani na bugun hanci tun daga bakin fangali, har fari-farinsa kana gani a jikin ganye. Ka ce Alhaji yaushe aka yi feshi, sai ya ce jiya da yamma. Jiya da yamma fa! Ka ce haba Alhaji, sai ya ce to Malam ya zan yi, mota ta zo kuma kaya na kuɗi a kasuwar Kwanar Gafan.

Na san zafin da kuke ji. Duk wanda ya ga abin da tsutsar nan Sharon ta yi wa tumatir a 2016, gona sukutum ta bushe cikin 'yan kwanaki kamar an cinna mata wuta, ba zai ga laifin manomi ba in ya tsorata da ƙwari, ga kuɗin taki ga fetur ɗin injin ban ruwa ga bashin da aka ci. Ni ban taɓa cewa kar a yi feshi ba. Abin da nake ta faɗa har maƙogwaro ya bushe shi ne a jira. Kowane magani akwai kwanakin da ake ba shi kafin a taɓa amfanin, kuma a rubuce suke a jikin kwalba, wani 'yan kwanaki ne wani ya haura sati biyu, in ba ka iya karantawa ba ka ba yaronka ɗan makaranta ko ka kawo min, ban taɓa karɓar sisin kowa a kan wannan ba.

Kuma a daina cewa ai za a wanke. Wani maganin cikin jikin shukar yake shiga, ko da me ka wanke yana nan. Masu latas, kabeji da kokwamba ku ne kuka fi tayar min da hankali don kayanku ɗanye ake ci, an yanka an zuba ƙuli sai baki. Alayyahun da ka fesa jiya ka yanka yau da asuba, kafin azahar ya bar kasuwar Yankaba yana tukunyar wata mai ciki. Ka taɓa tunanin wannan kuwa?

Akwai wani dattijo da muke mutunci ƙwarai, mutumin kirki, jikokinsa suka shiga lambu washegarin feshi suka tsinki kokwamba suka ci, kafin magariba sai amai da gudawa, gumi na keto musu yawu na dalala. Allah ya sa an yi saurin kai su asibiti. Da na je dubiya ya riƙe hannuna ya kasa magana. Sauran kayan kuwa tun da safe an loda su a mota.

Masu zuba fiya-fiya a kan kayan gwari wai don kar su lalace a hanya, ku ji tsoron Allah, wannan ko kusa bai halatta ba.

A taƙaice dai:
ka fara tsinke abin da ya nuna, sannan ka yi feshi, kar ka juya
ka rubuta ranar feshi ko a jikin jarka ne
dillali ya matsa, ka ce kwana bai cika ba
kar ka haɗa magani biyu uku a injin feshi ɗaya
a hana yara shiga lambun

In wani ya ci ko ya shaƙa ya fara jiri, amai ko numfashi na sarƙewa, kar a tsaya ɗura masa madara ko manja, a wuce asibiti nan take kuma a tafi da kwalbar maganin likita ya gani.