Shin ana iya sace ƙodar mutum bai sani ba?

An daɗe ana faɗa a Kaduna, daga Kawo har Tudun Wada, cewa ana shaƙa wa fasinja wani abu a mota, ya farka an cire masa ƙoda an sayar. Tsoron yana da tushe, domin fataucin sassan jiki gaskiya ne, sai dai ba haka yake gudana ba.

Cire ƙoda babbar tiyata ce ta awa 2 zuwa 3, da likitoci da mai sa barci. Kafin nan sai an gwada rukunin jini da dacewar jikin mai bayarwa da mai karɓa, in ba haka ba jiki ya ƙi ta. Ko a cikin ƙanƙara, ƙoda ba ta wuce kimanin awa 24 zuwa 36.

Inda haɗarin yake shi ne dillalai masu yaudarar talaka da kuɗi ko alkawarin aiki a ƙasar waje. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki. Kyauta kawai ta yarda da ita.

Mai shakka ya duba jikinsa: tiyata tana barin tabo a ciki ko kwiɓi. Sannan ya yi hoton ciki a asibiti. Ko an ga ƙoda ɗaya, wasu haka aka haife su, wasu kuma ciwo ne ya sa ɗayar ta ƙanƙance, don haka a nemi likita na biyu ya sake dubawa.

A taimaka a tura wa 'yan uwa wannan bayani.