Waiwaye: Yadda Umuahia ta zama ma'ajiyar makaman yaƙin basasa

Jirgin ruwan yaƙi a kan tudu, nesa da teku: shi ke fara ɗaukar idon baƙo a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, jihar Abiya. Sunansa NNS Bonny, kuma da shi sojojin tarayya suka yi aiki a yaƙin Biyafara.

Ba haka kawai aka zaɓi garin ba. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, a watan Oktoba kuma Inugu ta faɗi, sai Ojukwu, jagoran Biyafara, ya kwashe gwamnatinsa daga can zuwa Umuahia. Daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a nan gidan rediyonsu, Muryar Biyafara, ya riƙa watsa shirye-shirye, har runduna ta ɗaya ta sojojin tarayya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta kama garin a Afrilun 1969. A gumurzun hanyar ne, wajen Uzuakoli, harsashi ya sami Ibrahim Babangida. A kan wannan ramin rediyo aka kafa gidan tarihin a 1985, zamanin mulkin Buhari da Idiagbon.

Abin da ya fi tsayar da mutum shi ne kayan da aka ƙera cikin ƙunci. An toshe wa Biyafara hanyar ruwa, makami ya yi wuya, sai injiniyoyinta suka koma wa tarkacen ƙarfe. Ga Ogbunigwe, bam ɗin gida da ake ɗura wa ƙusoshi da guntayen ƙarfe. Ga motocin sulke da aka yi musu walda, kana ganin tabon wuta a jikin kowace mahaɗa. Can gefe kuma jiragen saman Rasha da tarayya ta sayo, kamar giwa kusa da ɗan akuya in ka haɗa su da ƙaramin jirgin da wani ɗan Suwidin, von Rosen, ya kawo wa ɓangaren Biyafara.

A ganina, ƙarfe ya fi mutane samun gata a wannan labari. Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin ya ƙare a 1970, akan ajiye furanni a saki tantabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, kowa ya watse. Amma samarin da aka ɗauka soja daga Kano, Zariya da Maiduguri, wanda ya shiga daji yana ɗan 20 yanzu yana dab da 80. Da yawansu na zaune a ƙofar gida kan tabarma, jikoki sun gaji da jin labarin Onica da Owerri, ba kuma wanda ya zo da rikoda.