Waiwaye: Yadda aka fara auna tsaron kwamfuta da ƙirgen ɓaraka

Kafin 1999, kowane kamfanin tsaro da irin sunan da yake laƙaba wa ɓarakar da aka gano a manhaja. Ɓaraka ɗaya sai ta kwashi sunaye barkatai, mai kula da kwamfutocin ma'aikata ya rasa gane ko matsala guda ake faɗa masa ko da yawa. A shekarar ne cibiyar MITRE ta Amurka ta buɗe rajistar CVE, inda kowace ɓaraka ke samun lambarta ita kaɗai. Da guda 321 aka soma.

Suna ya samu, saura sanin nauyi. A 2005 aka fito da ma'aunin CVSS mai ba da maki daga 0 zuwa 10, hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, kuma ta buɗe rumbunta na NVD, inda ake tantance ɓarakar da ke rajistar CVE a ba su maki. Ma'aikatu suka yi na'am da shi, domin lamba tana da sauƙin kai wa shugabanni: ga abin da muka gano, ga wanda muka toshe.

To amma makin ya sha ruɗin mutane. Dubi ɓarakar Heartbleed da ta bayyana a Afrilun 2014 cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanan da ake musaya a intanet. Da ita mai kutse kan ɗebo abin da ke ƙwaƙwalwar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet), har kilobait 64 a kowane jefi, ya maimaita iya son ransa, kalmomin sirri da makullai duk suna iya biyowa. Ma'aunin wancan lokaci 5.0 kacal ya ba ta, wato matsakaiciya. Wanda ya jera aikinsa bisa maki kawai, da ya bar ta sai ya gama da wasu. WannaCry kuwa, muguwar manhaja mai kulle bayanai don neman kuɗin fansa, da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a Mayun 2017, tun Maris Microsoft ya fitar da facin toshe ɓarakar da ta bi ta ciki. An san ɓarakar sarai, toshewa ce ba a yi ba.

Shi ya sa nake ganin matakin Nuwamban 2021 ya fi kusa da gaskiya. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ware jerin ɓarakar da aka tabbatar masu kutse na amfani da su, ta ɗora wa hukumomin tarayyar Amurka wa'adin toshe su. Ƙungiyar masu tsaron kwamfuta ta duniya, FIRST, ma tana da ma'aunin EPSS, mai hasashen yiwuwar a kai hari ta wata ɓaraka cikin kwana 30.

Yawan kuwa sai ƙaruwa yake yi. A 2024 an yi wa fiye da 40,000 rajista, kuma tun Fabrairun shekarar aikin tantancewa ya taru wa NVD, dubbai suka zauna ba maki.