Kafin ka kama zauren taro: abin da dokar masu buƙata ta musamman ta ɗora maka

Kwanakin baya ina cikin kwamitin da ya shirya wani taron yini guda a kan karatun yara. Cikin waɗanda muka gayyata su yi jawabi har da wani malami, abokina tun muna sakandare, wanda shan-inna ta taɓa shi yana ƙarami, a keken guragu yake yawo. Mun buga sunansa a katin gayyata, mun ware masa wuri a babban teburi, amma a cikinmu babu wanda ya tuna cewa zauren da muka kama a saman bene yake, kuma matakala ce kawai hanyar hawa.

Samari huɗu suka cicciɓe shi da keken nasa. Ina biye da su a baya, ina kallon yadda ya ƙanƙame hannun keken har jijiyoyin hannunsa suka fito. A tsakiyar matakala hularsa ta faɗi, na tsinta na riƙe masa. Mutane suna ta "sannu Malam, sannu Malam", shi kuwa kansa a sunkuye. Da la'asar na lura robar ruwan da ke gabansa ko buɗe ta bai yi ba, ga zafi ana yi. Na ce, "Malam, azumi kake?" Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "In na sha, ina zan zaga?" Banɗakin wurin a ƙasa yake, ƙofarsa kuma keke ba ya shiga.

Mu a ranar gani muke mun karrama shi. Daga baya na fahimci abin da muka yi, ban da ciwon da ya ji a ransa, ya ci karo da doka.

Dokar ita ce ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wato naƙasassu, ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Kafin nan Najeriya ta riga ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu tun 2010, sai dai yarjejeniya ba ta cizo a kotunan gida sai an mayar da ita doka. Wannan dokar ce ta yi aikin, ita ce kuma ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020.

Sashe na 1 shi ne ginshiƙi: ba a yarda wani mutum ko wata cibiya su nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa ba, ta kowace fuska. Kamfani ko ƙungiyar da aka samu da laifi za ta biya tarar naira miliyan 1. In mutum ne shi kaɗai, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da ƙarar neman diyya da kansa, ko an hukunta mai laifin ko ba a hukunta shi ba. Mai gadin da ya tare makaho a bakin zaure ya ce "ba a bara a nan", alhali da katin gayyatarsa ya zo, ya jawo wa kansa da masu taron wannan sashe. A watan Maris na 2024 hukumar kula da filayen jiragen sama ta rufe wani reshen gidan abinci na KFC a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, bayan an hana wani mai keken guragu zama a ciki.

Inda maganar ta fi shafar mai shirya taro shi ne sashe na 3 zuwa na 8. Dokar ta ce mai naƙasa yana da haƙƙin shiga gine-gine da wurare daidai da kowa, kuma ginin jama'a dole ya kasance da abin da zai sauƙaƙa shiga: gangaren da keke zai bi a madadin matakala, na'urar hawa bene inda ake buƙatarta, da makamantansu. "Ginin jama'a" a nan bai tsaya ga sakatariyar gwamnati ba. Ya haɗa da ginin da aka buɗe don amfanin jama'a. Ke nan otal da zauren biki na haya da ɗakin taro na makaranta duk sun shigo ciki. Zauren gidanka da ka tara 'yan'uwa don walimar suna bai shigo ba.

An ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Saboda haka mai zauren da zai ce maka "ai tsohon gini ne" uzurinsa ya riga ya ƙare. Sabon gini kuwa tun a takardar zane ake kama shi: jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa wa ƙa'ida yana fuskantar tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka.

Sashe na 8 ne na fi so mutane su sani, domin shi ne makamin da ke hannun talaka. In mai naƙasa ya tarar da wurin da yake da haƙƙin shiga amma an toshe masa hanya, zai sanar da masu kula da wurin, su kuma wajibi ne su ɗauki matakin kawar da matsalar nan take. In suka yi biris, kamfani zai riƙa biyan shi wanda abin ya shafa diyyar naira 10,000 a kowace ranar da aka ƙara ba a gyara ba. Mutum ɗaya kuma naira 5,000 a kullum, ko ɗaurin wata shida, ko duka. Na san kuɗin nan a yau bai taka kara ya karya ba, tsadar rayuwa ta cinye shi, kuma ya kamata majalisa ta sake duba shi. Amma kullum ne ake lissafawa, kuma aljihun wanda aka hana shiga yake tafiya. Shawarata ga wanda zai yi ƙorafi: ya yi shi a rubuce, da kwanan wata, ya riƙe kwafi. Maganar baki iska ce ke ɗauke ta.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da kan taso a kowane taro. A wurin ajiye motoci na jama'a dole a ware gurbi mai alama, lafiyayyen da ya ajiye motarsa a ciki tararsa naira 5,000. A layi, na rajista ne ko na karɓar abinci, masu naƙasa ake fara saurara, in da hali ma a sallame su ba tare da sun bi layin ba. Saɓa wannan na jawo tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. In masu taro sun tanadi masauki, nan ma su ne a gaba.

Lauyoyi suna da ja-in-ja kan iyakar ƙarfin dokar tarayya a cikin jihohi, shi ya sa jihohi da yawa suka yi tasu. Legas tana da tata tun 2011, Kaduna ta yi a 2021, Kano da Jigawa da Filato ma suna da nasu. Mai shirya taro ya nemi ta jiharsa ya karanta, don tarar da hukumar da ake kai wa ƙara kan bambanta.

Doka dai ta faɗi haƙƙi, ba ta zauna ta koya maka shirya taro ba. Abin da na koya bayan waccan ranar shi ne aikin yana farawa kafin a biya kuɗin zaure. Ka je da ƙafarka, ka bi hanyar tun daga bakin titi har kan dandamali, kana tambayar kanka ko keke zai wuce. Gangare da yawa da ake liƙa wa gine-ginenmu na ganin ido ne, tsayuwarsu kamar ta tsani, ga tayil mai santsi. Ma'aunin da aka sani a duniya shi ne duk tudun mita ɗaya yana buƙatar gangare mai tsawon mita 12. Matakala uku kacal na iya cin mita biyar ko shida. Ƙofa ta kai faɗin kusan santimita 90. Ka leƙa banɗaki da wurin alwala. Ka kuma duba dandamalin kansa, domin sau da yawa a kan yi hanyar shiga zaure a manta cewa mai keken na iya zama shi ne babban baƙo mai jawabi. In taron a fili ne ƙarƙashin rumfa, yashi da wayoyin lasifika da aka baza a ƙasa su ne abokan gaba, ga keke ga sandar makaho. Zabiya kuma kada a zaunar da shi a bakin rumfa inda rana ke dukansa.

Kurame su ne aka fi mantawa da su, saboda suna shigowa da ƙafarsu, sai a ɗauka komai lafiya. Mutum ya yini yana kallon bakuna suna motsi. A ɗauko mai fassara da hannu, a biya shi kamar yadda ake biyan mai hoto, a tsayar da shi inda haske yake, kuma in taron mai tsawo ne su zama biyu suna karɓar juna, domin aikin yana gajiyarwa. Sannan a tambaya wace magana baƙin ke ji: maganar hannu ta Hausa da kuramen cikin gari suka tashi da ita daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga ta Amurka. Makafi kuwa, mai jawabin da ke nuna allo yana cewa "kamar yadda kuke gani a nan" ya fitar da su daga taron ba tare da ya sani ba. Ya karanta abin da ke allon. Gayyatar da aka tura a matsayin hoto ta WhatsApp, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu a waya sau da yawa ba ta iya karanta ta. A haɗa da rubutu zalla ko saƙon murya. Ɗan jagora kuma a ba shi kujera kusa da wanda ya rako, kada a ce ba shi da kati.

Wani zai ce duk wannan kuɗi ne. Wasu kuɗi ne, gaskiya, amma zaɓen zaure a ƙasa maimakon bene ba ya ƙara ko sisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata naƙasa, wato wajen mutum ɗaya cikin shida. In ka duba zaurenka ba ka gan su ba, sun san halin wurin ne suka zauna a gida. Mu kuwa da muka tashi muna karanta Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum da ya zo majalisi neman ilimi, bai kamata a ce sai da tara za a tuna mana ba. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a garuruwanmu, ga ƙungiyoyinsu na zamani irin su JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Kafin taro a kira ɗaya daga cikinsu ya zaga wurin tare da kwamiti. Abin da zai gano a minti goma, mu sai mu shekara ba mu gani ba.

A taron da muka yi bayan wancan, mun ƙara layi ɗaya a ƙasan katin gayyata: "In kana da wata buƙata ta musamman, sanar da mu kafin ranar." Mutum bakwai suka kira. Abokina ya zo tun da safe, ya tura kekensa da kansa har kan dandamali, kafin azahar ya aiko yaro a ƙaro masa ruwa.