Kafa ƙaramin sabis na intanet ta iska: me za a tanada kafin a sayi rediyo?

Duk wanda ya ƙuduri niyyar raba intanet ga gidaje da shaguna ba tare da jan waya ba, tambayarsa ta farko ita ce wace na'ura zai saya. Ni kuwa nakan tura wannan tambayar can tsakiya, domin na sha ganin rediyo sababbi fil a kwali, an saye su tun ba a san inda za a ɗaura su ba. Ga tambayoyin a jeren da nake ganin ya dace a bi su.

Yaya abin yake aiki tukuna?

Sari ne da sayarwa ɗai-ɗai. Kana sayo intanet mai yawa daga babban kamfani, ka kai shi wuri mai tsayi, hasumiya ko saman dogon bene, daga nan rediyo, wato na'urar da ke aikawa da karɓar intanet ta iska, ya watsa shi. Kowane kwastoma ana ɗaura masa ƙaramar eriya a saman gida tana fuskantar hasumiyarka, waya ta sauko daga jikinta zuwa rautar cikin gida, wato na'urar da ke raba intanet ɗin ga wayoyi da kwamfutoci. Shi ke nan.

Daga ina zan samo intanet ɗin da zan raba?

A nan sana'ar take tsayuwa ko ta faɗi. Layin da ake sayar wa gida ɗaya ba a gina shi don ɗaukar gidaje talatin ba, kuma yarjejeniyarsa galibi ta haramta sake sayarwa, har da na tauraron ɗan adam. Ranar da aka gano ka, a datse layin, duk mutanenka su shiga duhu tare. Abin da za ka nema shi ne layin da aka keɓe maka kai kaɗai, wanda saurin aikawa da na saukewa suke daidai, da rubutaccen alkawari kan tsawon lokacin gyara idan ya lalace. Faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar saƙo ta haske, ta fi komai. Idan ba ta iso inda kake ba, sai ka ɗauko ta daga inda ta tsaya da gadar rediyo biyu masu kallon juna.

Ka tambayi mai sayar maka adireshin intanet nawa zai ba ka. Rumbun duniya na tsofaffin adireshin IPv4 ya ƙare tun watan Fabrairun 2011, shi ya sa ƙananan masu sabis suke ɓoye kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Hakan yana aiki, amma mai kyamarar tsaro da ke son leƙa gidansa daga nesa zai zo maka da ƙorafi. Idan ana ba da IPv6, wato sabon tsarin adireshi, karɓe shi tun ranar farko.

Megabit nawa zan saya?

Megabit shi ne ma'aunin gudun intanet. Mutum hamsin da ka yi wa alkawarin megabit 10 kowanne, a lissafi megabit 500 ke nan, amma ba sa janye shi gaba ɗaya a lokaci guda. Abin aunawa shi ne bayan faɗuwar rana, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo. Netflix ya ce bidiyo mai kyan gani sosai yana buƙatar megabit 5, na 4K kuma 15. Fara da kaɗan, ka riƙa duba jadawalin amfani kowane dare, ka ƙara tun layin bai cika ba. Don haka kafin ka sa hannu, ka tabbatar ana iya ƙara maka ba sai an sake jan wata waya ba.

An ce zangon Wi-Fi ba ya buƙatar lasisi. Ke nan ba ruwana da hukuma?

Abu biyu ake haɗawa a nan. Zango shi ne rukunin tashoshin da rediyo ke watsawa a kai, ana auna shi da gigahaz. Zangon gigahaz 2.4 da sassan gigahaz 5 a buɗe suke a yawancin ƙasashe, amma da sharaɗin iyakar ƙarfin watsawa, kuma wasu tashoshin gigahaz 5 ana raba su da na'urar hangen jirage da ta hasashen yanayi, wadda dole rediyonka ya kauce mata da zarar ya ji ta. Sayar da intanet ga jama'a kuwa sana'a ce daban, kuma ƙasashe da yawa suna neman izini a kanta. Je ka hukumar sadarwar ƙasarka kafin ka kashe ko sisi. Kuma a cikin rediyo ka zaɓi sunan ƙasarka ta gaskiya. Zaɓen wata ƙasa don a sami ƙarin ƙarfi karya doka ne, kuma cutar da maƙwabtanka ne a iska.

Idan ina hango hasumiya daga saman gidan, ai ya wadatar ko?

Bai wadatar ba, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin asara. Siginal ba ya tafiya kamar zare miƙaƙƙe. Yana buƙatar fili a kewayen layin, mai siffar ƙwai, siriri a bakin eriyoyin biyu, mai kumburi a tsakiya. Ana kiransa yankin Fresnel, da sunan masanin haske na Faransa Augustin Fresnel. Ƙa'idar masu aikin ita ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan fili ya kasance babu komai a cikinsa. A tazarar kilomita 5 kan gigahaz 5.8, kumburin tsakiya ya kai wajen mita 8 daga layin, don haka kana son kusan mita 5 tsakanin layin da kan bishiya ko rufin gini. A kilomita 10 kumburin ya haura mita 11, ga kuma lanƙwasar ƙasa da ta fara shiga lissafi.

Akwai manhajojin da ke zana maka tudu da kwarin da ke tsakanin wurare biyu, irin su Radio Mobile da LINKPlanner na kamfanin Cambium, Google Earth ma yana taimakawa. Sai dai taswira ba ta san an ɗora sabon bene bara ba, ba ta kuma san girman bishiya. Gani ya kori ji: hau da kanka, da rediyon gwaji a hannu. Ka kuma tuna ganye jiƙaƙƙe yana shan siginal ƙwarai. Haɗin da aka gwada lokacin da bishiyoyi suka kaɗe yakan mutu idan suka yi sabon toho, mai gida kuma ya rantse kai ka rage masa sauri.

To wane zango zan ɗauka?

Gigahaz 5 shi ne jakin aikin. Kayansa sun yawaita, tashoshinsa suna da dama, yana kai kilomitoci idan hanya a share take. Gigahaz 2.4 tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawan juna, 1 da 6 da 11, kuma kowace rautar gida tana ihu a cikinsu. A cikin gari ban ba ka shawararsa ba. Gigahaz 60 yana ba da gudu har gigabit, amma iskar oksijin tana cinye masa kusan desibel 15 a kowace kilomita (desibel shi ne ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin siginal), ruwan sama mai ƙarfi kuma ya ƙara, saboda haka na gajeriyar tazara ne. Wasu na'urorinsa suna zuwa da ƙaramin rediyon gigahaz 5 na ko-ta-kwana. Gigahaz 6 Amurka ta buɗe shi a 2020, wasu ƙasashe suka bi, amma sharuɗɗan amfani da shi a waje sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Me zai hana in ɗaura rautar gida a dogon ƙarfe, in sa mata babbar eriya?

Wi-Fi na gida yana da ladabi irin na zaman ɗaki: kowace na'ura tana saurarawa, idan ta ji shiru sai ta yi magana. A fili wannan ladabin ba ya aiki. Gidan da ke gabas da wanda ke yamma duk suna jin hasumiya, amma ba sa jin juna, sai su yi magana lokaci guda, saƙonnin su yi karo, a sake aikawa, a sake karo. Da mutum biyar ba za ka lura ba. Da ashirin sai komai ya tsaya. Rediyon da aka yi don wannan sana'a hasumiya ce ke raba musu lokaci, kowa da nasa ɗan taƙin, abin da za ka ga an rubuta TDMA a takardar na'ura. Kamfanin Ubiquiti yana kiran nasa airMAX, kamfanin MikroTik kuma Nv2.

Wane kamfani ya fi?

Ubiquiti na Amurka ya fi sauƙin koyo, kuma mafari yakan kafa haɗinsa na farko a yini ɗaya. MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda aka kafa a 1996, ƙarfinsa yana wajen rauta. Manhajarsa RouterOS tana yin kusan komai, amma sai ka zauna ka koye ta. Cambium, wanda ya ɓalle daga Motorola a 2011, an san shi da daidaita rediyoyi da agogon GPS, ta yadda duk na kan hasumiya ɗaya suke aikawa tare, su saurara tare, kada wani ya kurmantar da ɗan'uwansa. Da yawa sukan haɗa: rauta daga MikroTik, rediyo daga ɗayan biyun.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne tsarin rabon lokacin kowane kamfani nasa ne shi kaɗai. Rediyon hasumiya da na gidajen da ke ƙarƙashinsa dole su zama 'yan gida ɗaya. Ranar da ka zaɓa, ka ɗaure kanka na shekaru. Saboda haka ka fifita wanda za ka iya samun madadinsa da wuri idan ya ƙone, ko da wani ya fi shi a takarda. Adadin gudun da ake bugawa a jikin kwali kuwa na ɗakin gwaji ne, kuma sau da yawa jimlar aikawa da saukewa ce.

Mutum nawa rediyo ɗaya zai ɗauka?

Amsar tana ga ingancin haɗin kowannensu, domin abin da kake sayarwa a zahiri lokacin iska ne. Rediyo yana magana da gida ɗaya, ya juya ga na gaba. Gidan da haɗinsa ke gudu a megabit 200 yana karɓar saƙonsa ya ba da wuri. Wanda bishiya ta tare, haɗinsa ya faɗo zuwa 20, zai riƙe rediyon ninki goma kafin ya karɓi saƙo iri ɗaya, sauran kuma suna jira. Wake ɗaya ke ɓata gari. Shi ya sa nake roƙon duk mai farawa ya sa wa kansa ƙa'ida, misali siginal kusa da -65 dBm, ma'aunin ƙarfin siginal da rediyo ke nunawa, da ratar desibel 25 sama da hayaniya, ya kuma iya cewa a'a ga gidan da bai kai ba. Na san yana da wuya, mutum yana tsaye da kuɗinsa a hannu kai kuma kana buƙata. Amma ka ƙara masa tsawon ƙarfe, ko ka sa masa eriya mai kwano, in duk bai yiwu ba ka ba shi haƙuri.

Kada ka yi amfani da eriyar da ke watsawa kowace kusurwa. Tana kwaso hayaniya daga ko'ina. Yanka da'irar kashi-kashi da eriyoyi masu digiri 90 ko 60, ka fara da ɓangaren da mutanenka suke. Faɗin tasha ma kada ka yi zari: duk ninka faɗi yana ƙara hayaniyar da rediyo ke ji da desibel 3. A wuri mai cunkoso, megahaz 20 mai tsabta yakan fi 80 mai datti. Ƙure ƙarfin watsawa shi ma ba magani ba ne, don ko hasumiya ta yi ihu, ƙaramar eriyar gida sai ta iya mayar da amsa.

Wuta fa, da tsawa?

Su ne suka fi kashe sabis, ba rediyo ba. Tara wat ɗin da kowace na'ura ke ci. A ce hasumiyarka tana cin wat 60. A yini guda wat-awa 1,440 ke nan. Idan kana son ta jure kwana biyu babu caji da batirin dalma, wanda ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, kana buƙatar wajen amfiya-awa 240 a bolt 24. Batirin litiyam yana jure zuƙa fiye da haka, yana kuma daɗewa. In da hali, ciyar da na'urorin kai tsaye daga batir, domin inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana cin nata rabon.

Wutar rediyo ta cikin wayar intanet take hawa, kuma iri biyu ce: akwai mai bolt 24 da ke turawa ba tambaya, akwai ta ƙa'ida mai kusan bolt 48. Duba kafin ka soka, kuskure ɗaya yana ƙona rediyo. Wayar kada ta wuce mita 100, ta zama ta waje mai sulke, ta tagulla zalla. A binne sandar ƙasa, a haɗa hasumiya da akwatin kaya da ita, a sa makarin tsawa a sama da ƙasan kowace waya. Ba sai aradu ta faɗo kan ƙarfenka ba, ta faɗi kusa ma ta isa. Hawa kuwa, ba a yinsa sai da ɗamarar tsaro da mutum na biyu a ƙasa, kuma ba a yinsa idan hadari ya haɗo.

Ta yaya zan hana mutum ɗaya cinye layin, in kuma karɓi kuɗina?

Aikin babbar rauta ne. Kowane kwastoma a ba shi suna da kalmar sirri ta hanyar tsarin shiga da ake kira PPPoE, a ɗaure masa iyakar gudunsa, wa'adinsa ya cika layin ya rufe da kansa. Ka kunna tsarin jerin gwano na zamani, FQ-CoDel ko CAKE, waɗanda RouterOS na 7 yake da su. Su ne ke sa kiran bidiyo ya tafi sumul ko da wani a gidan yana sauke babban fayil.

Ka canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, ka rufe ƙofar sarrafawa daga waje, ka riƙa sabunta manhaja. A 2018 an yi amfani da wata ɓaraka a Winbox, manhajar da ake saita rautar MikroTik da ita, aka shiga dubban rautocin MikroTik, alhali kamfanin ya riga ya fitar da gyara, masu su ne ba su sabunta ba.

Da me zan fara a ranar farko?

Tushe ɗaya tabbatacce, wuri mai tsayi da rubutacciyar yarjejeniyar haya wadda ta ba ka damar shiga ko da tsakar dare, rauta ɗaya, rediyon ɓangare ɗaya ko biyu, da gidaje kamar goma da ka hau rufinsu ka auna da kanka. Ajiye madadin rediyon hasumiya da na rauta da na abin ba da wuta, an riga an saita su, da kwafin saitin kowace na'ura a wani wuri daban. Ka sa manhajar sa ido da za ta aiko maka saƙo idan wani abu ya mutu. Bari waɗannan goman su yi wata guda, su ga ruwan sama da ɗaukewar wuta, kana duba jadawalin kowane dare, sannan ka ɗaura rediyo na gaba.