Tiriga a na'urar samar da sigina: wa ke cewa a fara?

Ɗaliban lantarki a nan Jos da suka kai ga gwada amfilifaya ko filta sun san na'urar samar da sigina, wato na'urar da ke fitar da siginar lantarki don gwaji. Ana iya sa ta fara daga firikwansi (yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa ɗaya) na ƙasa, misali 20 Hz, ta yi ta hawa har 20 kHz, wato iyakar abin da kunnen mutum ke ji, cikin daƙiƙa goma ko yadda aka tsara mata. Wannan hawan shi ake kira suwif. Tiriga kuma ita ce alamar da ke sa na'urar ta fara hawan, kamar usur ɗin alƙalin wasa.

Abin tambaya shi ne daga ina alamar za ta fito. A na'urar Agilent 33220A, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Keysight, hanyoyi uku ne, IMM, EXT da BUS, kuma daga kwamfuta ake zaɓar su da umarnin TRIG:SOUR. Yaren umarnin SCPI ne, wanda aka fitar a 1990 don na'urorin awo su riƙa jin magana iri ɗaya, ko ta USB, ko ta LAN, ko ta tsohuwar wayar GPIB.

In ka aika TRIG:SOUR IMM, na'urar ba ta jiran kowa: tana gama zagaye ɗaya sai ta koma farko. Don kallo a osilosikof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, wannan ya wadatar. Da EXT kuwa, sai wata na'ura ta turo bugun lantarki na dijital, irin wanda ake kira TTL, ta soket ɗin da ke bayanta wanda ake kira Trig In, kuma TRIG:SLOP ne ke faɗa mata ta tashi a hawan bugun ko a saukarsa.

BUS ce ta fi ba mutane wahala, kuma a ganina ita ta fi amfani ga mai ɗaukar awo da kwamfuta. Kana aika FREQ:STAR 20, FREQ:STOP 20000, SWE:TIME 10, SWE:STAT ON, sannan TRIG:SOUR BUS, sai na'urar ta tsaya cak a 20 Hz. Nan ne wasu ke zaton ta lalace, su kama jijjiga waya. Lafiyarta ƙalau, jira take ka aika *TRG. Kowane *TRG ɗaya, suwif ɗaya, ta koma ta zauna. Maɓallin Trigger na gabanta ma ba zai cece ka ba, domin muddin kwamfuta ke riƙe da ita maɓallan a kulle suke, sai ka danna Local.

Amfanin hakan a fili yake. Ka fara shirya osilosikof ko mitar da za ta karanta sakamako, ka tabbatar ta shirya, sannan ka saki suwif ɗin. Da IMM awonka zai iya faɗawa tsakiyar zagaye, ka rasa wane firikwansi ne ya ba da wane sakamako.

Ga masu amfani da yaren kwamfuta na Python, manhajar PyVISA na aika duk waɗannan a layi kaɗan. Sai dai a duba littafin na'urar tukuna, don kamfanoni ba su cika bin lafazi ɗaya ba: a wasu na'urorin Rigol, INT, EXT da MAN ake rubutawa maimakon IMM, EXT da BUS.