Tsohuwar mota, sabon inji: yadda dokar hayaƙi ta Kalifoniya ke kallon lamarin

A ce mutum biyu a birnin Los Anjelis kowannensu yana da Datsun 280Z, ƙaramar motar tsere mai ƙofa biyu da dogon hanci wadda aka riƙa sayarwa a Amurka daga 1975 zuwa 1978. Ta ɗaya ƙirar 1975 ce, ta ɗayan 1976. Idan aka jera su, sai wanda ya san mota sosai zai bambance. Amma a wurin hukuma ba ɗaya suke ba. Mai ta 1975 yana sabunta takardunsa ba tare da an leƙa salansarsa ba. Mai ta 1976 kuwa duk bayan shekara biyu sai ya kai ta gwajin hayaƙi, in ta faɗi ba za a sabunta masa rajista ba. Daga wannan layin ne duk wata tambaya kan sauya wa tsohuwar mota inji a jihar Kalifoniya take farawa.

Tsananin jihar yana da dalili. Los Anjelis tana zaune ne a kwari, duwatsu sun tare ta, iska ba ta samun hanyar kwashe abin da motoci ke fitarwa. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai na jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon da ke sa idon mutanen birnin yaji yana haɗuwa ne idan rana ta bugi tururin fetur da iskar da ƙonewar inji ke haifarwa. A 1967 aka kafa hukumar kula da iska ta jihar, wato CARB, lokacin Ronald Reagan yana gwamna. Gwajin da ake kira Smog Check ya fara a 1984, kuma hukumar sa ido kan gyaran motoci, BAR, ita ke tafiyar da shi.

Layin 1975 ɗin a da tafiya yake yi. Wata doka ta 1997 ta ce daga 2003 duk motar da ta cika shekara 30 za ta riƙa fita daga gwaji. A 2004 gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu kan dokar da ta tsayar da wannan, ta fara aiki a 2005. Tun daga nan layin ya kafe: motar fetur ta 1975 zuwa baya ta tsira, ta 1976 zuwa sama tana ciki komai tsufanta.

Shi gwajin kansa kashi uku ne ga motocin 1976 zuwa 1999. Na farko da ido ake yi. Mai gwaji zai ɗaga bonet, ya karanta takardar da kamfani ya manna a ciki, sannan ya bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya da tocila yana duba ko kowacce ta tafi inda taswirar da ke jikin takardar ta ce. Zai duba ko matatar hayaƙin da ke cikin salansa tana nan, wannan da makanikanmu ke kira indomi, wadda a garejinmu ake fasa ta a zubar da cikinta da zarar ta toshe. Na biyu, a gwada ko kayan suna aiki, har murfin tankin fetur ana ɗaura shi a na'ura a ga ko yana riƙe tururi. Na uku, a yankunan da iska ta fi ɓaci, a hau da tayoyin motar kan nadi, a soka bututun awo a bakin salansa, a tuƙa ta a tsaye a gudun mil 15 sannan mil 25 a awa, wato kusan kilomita 24 da 40, ana auna ɗanyen fetur da bai ƙone ba da sauran gubar. Motocin 2000 zuwa sama yawanci ba a soka musu bututu, kwamfutar motar ake jona wa waya a karanta abin da ta adana.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, mota tana iya fitar da hayaƙi mai tsabta ta kuma faɗi, saboda ido ya ga wani abu ya ɓata ko an sauya shi. Masu gyaran tsofaffin motoci da yawa a nan suke tuntuɓe.

To, sai batun inji. Doka ta raba abu biyu. Idan injin 280Z ɗinka ya mutu ka samo irinsa sak ka mayar, wannan gyara ne kawai. Idan kuwa ka cire shi ka dasa wani daban, misali babban inji mai silinda takwas na Chevrolet wanda masu wannan sana'a suka fi so, wannan sauyin inji ne, kuma yana da sharuɗɗa. Injin da za ka sa dole ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta. Ba a sa na 1972 a motar 1978. Ba a ɗauko injin babbar motar kaya mai nauyi a sa wa ƙaramar mota, ko da girmansu ɗaya, domin ma'aunin hayaƙin da aka ba su izini da shi ba ɗaya ba ne. Idan motar an ƙera ta ne bisa ƙa'idar Kalifoniya, injin ma sai ya zama mai shaidar Kalifoniya. Sharaɗin da ya fi cin kuɗi da lokaci shi ne na ƙarshe: inji ba ya zuwa tsirara. Duk kayan tace hayaƙin da yake da su a motar da aka ciro shi sai sun biyo shi, suna kuma aiki.

A nan ya kamata a daɗe. A ce injin na 2002 ne. Ke nan sai an kawo kwamfutarsa, wadda muke kira birenbos, da manhajarta yadda kamfani ya bar ta. Sai na'urorin da ke shinshinar iskar salansa kafin matata da bayanta, sai matatun kansu, sai gwangwanin gawayin da ke kama tururin fetur daga tanki, sai soket ɗin da ake jona na'urar bincike. Har ƙaramar fitilar nan ta gargaɗin inji sai an huda mata wuri a gaban direba, ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. Jikin motar na 1978 ne, amma daga ranar da aka dasa injin, da ma'aunin 2002 za a riƙa auna abin da ke ƙarƙashin bonet. Doka inji take bi, ba jikin mota ba. Ƙaramar motar tsere kuwa ba ta da fili a ciki, don haka neman inda za a rataye matata biyu a ƙarƙashinta kaɗai yana iya cinye makonni.

Idan aiki ya kammala, ba tashar gwaji ta unguwa ake fara kai ta ba. Ana neman rana wurin alƙalin hayaƙi na BAR, wato mai binciken hukumar na musamman, kuma yawancin cibiyoyinsu a harabar kwalejojin jihar suke. Shi ne zai duba lambar inji, ya tabbatar daga wace mota da wace shekara ya fito, ya bi kayan ɗaya-ɗaya. In ya gamsu sai ya manna wata takarda a jikin motar mai bayanin injin da kayan da ya kamata a gani tare da shi. Daga nan kowace tasha da wannan takardar za ta yi aiki. Shi ya sa mai hankali ke adana lambar motar da aka ciro injin tun ranar saye.

Ƙananan sauye-sauye ma suna da tasu ƙofar. Bututun shan iska na kasuwa, ko tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ko wasu bututan salansa, ba a hana su baki ɗaya ba, amma sai CARB ta gwada ta ba kayan lambar izini ta musamman, kuma lambar ta dace da wannan motar da wannan injin. Kamfanin General Motors ma yana sayar da sabon inji a akwati mai suna E-ROD, tare da matatunsa da kwamfutarsa, wanda ke da irin wannan izinin ga motocin 1995 zuwa baya. Wanda kuma ya haɗa mota da hannunsa daga farko, kamar masu kwaikwayon tsohuwar motar tseren nan Cobra, akwai gurbi 500 a shekara da ake ba irinsu, a auna su da shekarar motar da suka kwaikwaya.

Mai ta 1975 fa? Kuskuren da aka fi yi ke nan. An yafe masa zuwa gwaji, ba a yafe masa dokar ba. Sashe na 27156 na dokar motoci ta jihar ya hana cire ko lalata kayan tace hayaƙi, dokar tsabtar iska ta tarayya ma ta hana, kuma motocin Kalifoniya sun fara zuwa da kayan rage hayaƙin salansa tun 1966. Ɗan sanda na iya tsayar da motar ya tura ta wurin alƙali.

Ni dai ina ganin ginshiƙin dokar daidai ne. Ba ta hana mutum ƙara wa motarsa ƙarfi ba, ta ce kada ya mayar da ita baya, kuma injin 2002 mai cikakkun kayansa ya fi na 1978 tsabta nesa ba kusa ba. Inda take damuna shi ne kafaffen layin nan. Motocin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 suna cike da ƙananan bawul da robobi da kamfanoni suka daina yi, sai mutum ya faɗi gwajin ido saboda wani ɗan abu da babu shi a kasuwa, a motar da ba ta fita sai ranar hutu. Ingila ta bi wata hanya: motar da ta haura shekara 40 tana fita daga gwajin shekara-shekara muddin ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekaru 30 da suka wuce. A 2025 'yar majalisar dattawan jihar, Shannon Grove, ta kawo ƙudurin sassauta wa tsofaffin motocin ajiya, da goyon bayan Jay Leno, ɗan barkwancin talabijin da ya shahara da tara motoci, amma ƙudurin ya tsaya a kwamitin majalisar wakilai.

Ga mai shirin sayen irin wannan mota a jihar, takardar shaidar hayaƙi tana kan mai sayarwa ne, kuma kwana 90 take yi. In an ce maka an sauya inji, ka buɗe ƙofa da bonet ka nemi takardar alƙali kafin a fara maganar kuɗi. In babu ita, duk aikin da na lissafa a sama kai zai jira.